Allon Jekadafari

Shekara goma sha tara ina riƙe da allin nan.
Tun kafin mai shayi ya hura wuta
nakan share allo da tsumma, in jera sunaye:
Kawuwa, Dadin Kowa, injin ban-ruwa ya ƙi tashi.
Yila, Kaltungo, famfon sola na asibiti.
Hammadu, Deba.
Hammadu kullum Deba.

Sai 'yar maigida ta dawo daga karatu,
Dija, gilashi a fuska, kwamfuta a hammata,
ta ce: Baba Gidado, daga yau aiki zai raba kansa.
Na ce: 'yata, ko gero ba ya rabuwa da ƙaiƙayi
sai an ɗaga ƙwarya, sai an jira iska.
Ta yi murmushi, ta jona waya a bango.

Yanzu manomi na tsaye a gonarsa ta Kwadon,
ruwa ya ɗauke, albasa ta fara langaɓewa,
ya latsa waya.
Kafin in gyara zaman hulata
saƙo ya faɗa aljihun wanda ya dace,
da sunan gona, da irin injin, da kuɗin mai.
Babu "bari in tuna", babu "dawo bayan la'asar".
Babur ya tashi, ni ina riƙe da alli
kamar mai jiran mota a tashar da aka tasa.

Zan faɗi gaskiya ko da ni za ta ci.
Wata uku da fara abin nan
sunan Maikano na fitowa sau huɗu a yini,
yaron da nake bari a benci yana ɓarar gyaɗa
don ba ya durƙusawa in zai gaishe ni.
Ashe hannunsa ya fi na surukina,
wanda nake cika wa allo tun da ya auri Lami.
Na'ura ba ta ce mini uffan ba.
Lissafi ta jera, na karanta,
na ji kunya ta sauko mini har tafin ƙafa.

Amma ran Laraba ta tura Hammadu Bajoga,
ran Alhamis ta tura shi Kumo,
wai taswira ta ce haka ya fi sauƙi.
Taswira ba ta san akwai ɗaki a Deba ba,
bayan firamare, mai ƙofar langa-langa,
inda tsohuwa ke kwance, ɓarin jikinta ya shanye,
tana ƙirga kwanaki da ƙarar babur ɗin ɗanta.
Ban taɓa rubuta wannan a allo ba.
A ka yake, tare da wanda ke bin wane bashi,
da wanda ba ya taka gonar wane tun rikicin iyaka.

Hammadu bai ce komai ba. Ya sha mai, ya kama hanya.
Ni ne tuwo ya ƙi wucewa a daren.

Da safe na sami Dija.
Ta saurara har na kai aya,
sannan ta juyo da fuskar kwamfutar wajena:
ƙarƙashin kowane suna ga ɗan gurbi fari.
Ta ce: Baba, abin da ba a gaya mata ba, ina za ta samo shi?
Na zauna da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar tsaba,
na rubuta: Deba, in da hali. Uwarsa.

Sai yatsan ya gangara kan sunan surukina.
Ya tsaya a wurin har shayina ya huce.
Na bar gurbin fari yadda na same shi.

Allon na nan jingine a bayan ƙofa.
Jikan mai gadi ya tsinci guntun allina,
ya zana babur mai ƙafa uku a kai.
Tsumman na aljihuna.
Ban share ba.